Mangalar Da Na Rataya Wa Kekena

Shekarun baya, zamanin da tumbina ke riga ni shiga ɗaki ya gama gaisawa da jama'a kafin ni in iso, wata likita a nan Abuja ta dubi sakamakon gwajin jinina, ta dube ni, sannan ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Duk wanda ya saba da asibiti ya san in likita ya cire tabarau, wasa ya ƙare.

Ta ce, "Alhaji, sugan nan naka ya zo bakin gaɓa. Ƙwayoyin da kake sha sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ko ka riƙa motsa jikin nan kullum, ko mu koma allura. Kuma in aka fara, ba ta mako guda ba ce."

To ni, jama'a, ku sako min kura, ku turo min surukata cikin fushi, zan tsaya. Amma allura? Da gemuna da furfurata na taɓa tserewa daga layin rigakafi, na bar takalmi ƙafa ɗaya a wurin. Na fito daga ofishin likitar nan na ɗaura niyya: ko me za a yi a yi, amma ƙarfe ba zai riƙa shiga fatata safe da yamma ba.

Abin da ya tono labarin nan, wani daga cikinku ne ya turo min tambaya jiya. Wai ya sayi keke don zuwa aiki, jaka mai wane girma ya kamata ya rataya masa. Shi a ganinsa ƙaramar tambaya ya yi. Bawan Allah, ka fama min gyambo. Gyara zama ka ji.

Na fara da tafiyar ƙafa, sai na gano duk hanyar da na bi a unguwarmu wajen mai tsire take ɓullewa. Na gwada gidan motsa jiki, aka ɗora ni kan wata na'ura da ake gudu a kanta ba a zuwa ko'ina, na ce wannan ai aikin gwamnati ne, kuma ina da shi tuni. Wanda ya fitar da ni abokina ne, wani Bazazzagi, ma'aikatarmu ɗaya, unguwarmu ɗaya a Gwarimpa. Kun san tsakanin Bakano da Bazazzagi, ba a gama gaisuwa sai an ɗan yanki juna. Siriri ne kamar tsinken sakace, kuma ya daɗe yana zuwa ofis da keke.

Ya ce, "Bakano, sayi keke. Aiki dai dole ka je, to ka je da ƙarfinka. In ka faɗi a hanya ma ba asara, mirginawa za ka yi har bakin ofis."

Na sayi keke. Da farko jakar goyo nake ɗaukar kayana a ciki, sai in isa ofis bayana sharkaf da gumi kamar wanda ya yi dakon ƙanƙara. Abokina ya ce maganin wannan jakar keke ce, irin tagwayen nan da ake ratayawa a ƙarfen ɗora kaya na bayan keke, ɗaya dama ɗaya hagu. Wata Asabar ya raka ni wajen wani mai sayar da gwanjon kayan waje. Mutumin ya zube mana iri uku: ƙarama, matsakaiciya, da wata da sai da ya sa hannu biyu kafin ya jawo ta daga ƙarƙashin tebur.

Abokina ya ɗaga matsakaiciyar. Ya ce, "Me kake ɗauka? Kaftani, hula, takalmi, kwanon abinci da kwamfuta. Wannan ta ishe ka har da wurin rigar ruwa. Ɗauki mu tafi."

Mai kaya ya buga babbar da tafin hannu, ta yi ƙara kamar ganga. Ya ce, "Alhaji, babban mutum sai babbar jaka. Da wannan Turawa ke zagaya duniya. Ruwa ba ya shiga, rana ba ta ci."

Na leƙa ciki. Wallahi sai da muryata ta dawo min. Rago biyu za su shiga su bar wa mahauci wurin zama. Na tambayi farashi, na ji tazarar ba wata mai yawa ba ce, nan take jinin Kano ya motsa. Kun taɓa ganin Bakano ya ga babba da ƙarami kusan kuɗi ɗaya, ya ɗauki ƙarami? Na ce gara ta yi yawa da ta yi kaɗan.

Abokina ya ce, "Wannan fa ba jaka ba ce, mangala ce. A garinmu jaki muke ɗora wa mu kai taki gona."

Na ce, "Ai shi ya sa na zo da kai, ko za ka duƙa a gwada."

Muka yi dariya har mai kaya ya riƙe ciki. Na biya, na rungumo abata.

Tun ranar farko ta fara nuna hali. Duk juyin feda sai diddigena ya buge ta, sai da mai gyaran keke ya tura ta can baya, shi kuma keken ya koma kamar yana son ɗaga kai sama. Kayana kuwa yawo suke a ciki kamar tsakuwa a gwangwani, kaftanin da maiɗakina ta goge da daddare ya fito da safe kamar an ƙwato shi daga bakin saniya. In iska ta taso, jakar ta kumbura ta riƙa jana baya. Duk da haka ban damu ba, domin abin da na fito nema ya fara samuwa.

Bari in faɗa muku gaskiya ba da wasa ba: ban taɓa jin daɗin rayuwa a Abuja kamar watannin nan ba. Da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, sai mu fito ni da abokina, mu gangara ta Kado, mu bi gefen tafkin Jabi iska na kaɗa mu, mu ratsa Utako muna wuce manyan motoci da suka maƙale a cunkoso, masu su na hararmu ta gilashi. Numfashina ya dawo. Na ga yatsun ƙafata ina tsaye, abin da rabona da shi tun ina ango. Da na koma asibiti likita ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, duk abin da kake yi, kada ka daina. In ka riƙe shi, maganar allura ta tafi." A ranar saura kaɗan in sumbaci keken nan a gaban mutane.

Sai saƙo ya fara.

Maiɗakina ce ta buɗe ƙofa. Ta ce, "Maigida, tunda ta kasuwar kifin Kado kake bi, ga jakarka wayam, taho mana da kifi mana." Wannan hakki ne, na taho da shi. Maƙwabciyarmu ta ga an sauke kifi, washegari ta aiko a ce ita ma in ba damuwa. Sai maƙwabcinmu na ɗaya gefen, mutumin Kudu ne mai kirki, ya tare ni a bakin get yana washe baki. Ya ce, "Oga Alhaji, wannan jaka naka yana da wuri plenty. Ka taimaka ka sauke wa ƙanwana doya a Utako, kan hanya ne." Ashe gidan na can ƙuryar Utako, nesa da titin da nake bi. Kan hanya ne kuwa, in ka yarda cewa Zariya ma kan hanyar Makka take.

Ku da kuka tashi a cikinmu kun san ba a ƙin saƙo. Mutum ya ba ka amana, ya ce Allah ya kai ka lafiya, da wane baki za ka ce a'a? Mai mota yana da wurin ɓuya. Zai ce ba mai, zai ce ba ta can zai bi ba, ko ya ɗage gilashi ya yi kamar yana waya. Mai keke kuwa a fili yake kamar tunkiya a kasuwa, ga jaka tana lilo tana shelar cewa babu komai a cikinta. Shi abokina ko tsinke ba wanda ya taɓa ba shi, domin tasa jakar a cike take tam da kayansa, kowa na gani.

Kafin a ce haka labari ya isa ofis. Akwai wata Hajiya, daraktarmu, mace mai mutunci da son jama'a, ita ce sama da ni. Wata safiya ta ce, "Malam, ashe ta kasuwar kifi kake biyowa? Kai, ka huta. Ni direbana in na aike shi sai ya kawo min wanda ya kwana." Na ce, "Ranki ya daɗe, ai wannan ba komai ba ne." Daga ita sai na kusa da ita, sai na kusa da na kusa da ita. Na wayi gari ni ne motar haya tsakanin Gwarimpa da ma'aikata. Na ɗauki kifi banda, na ɗauki manja, na ɗauki ɗinki daga wajen tela, na ɗauki injin markaɗe da ya lalace. Akwai ranar da na kai wata agwagwa mai rai Jabi, tana leƙo kai tana yi wa 'yan sanda tsawa.

Tafiyar da nake yi a miƙe har jini ya ɗumama ta koma tsaye-tsaye. In sauka nan, in jira a ƙofar gidan wancan, in an zo hawa kuma in sauko ina tura keke don nauyi. Abokina ya yi ta jirana har ya gaji. Ya ce, "Bakano, ni ofis za ni, ba cin kasuwar ƙauye ba," ya riƙa wucewa shi kaɗai. Tayar baya ta fara lanƙwasa, wayoyinta na tsinkewa, kuma duk ranar da keke ya kwana wajen gyara, a tasi nake zuwa aiki a zaune kamar buhu.

Ga kuma wata masifar mai zaƙi. Mutanenmu ba sa mayar da kwano haka nan. Duk wadda na kai wa saƙo sai ta ce, "Tsaya, Alhaji, ba za ka tafi hannu rabbana ba." Sai a kawo alkaki, a kawo nakiya, a kawo cincin da lemon kwalba mai sanyi. In na ce ina da suga, sai a ce, "Ɗan wannan? Ai ka ƙone shi a kan keke." Na fita da jaka cike da kayan mutane, na dawo da ita cike da abin da likita ta hana ni. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ba duka ke isa gida ba.

Da na koma gwaji, likita ta daɗe tana kallon takarda. Ta ce, "Ka daina hawan keken ne?" Na ce kullum ina tare da shi. Ban dai faɗa mata cewa yawanci a gefensa nake tafiya ba.

Abokina ya same ni a masallacin ofis bayan azahar, wannan karon ba dariya a fuskarsa. Ya ce, "Je ka sayo ƙarama. Gobe-goben nan."

Na ce, "In na sauya jaka, kowa zai san don shi na yi. Maƙwabta za su ce na yi rowa, Hajiya za ta ce na gaji da ita. Da wane ido zan dube su?"

Ya ce, "Da idon da za ka dubi allura."

Maganar ta shige ni, amma maimakon in bi ta, sai na ƙirƙiro dabara irin tawa. Na ɗauko matasan kai guda biyu daga ɗakin baƙi, na cusa ɗaya dama ɗaya hagu, na cike gurbin da tsohon zanin maiɗakina. Jaka ta kumbura ta yi tam. Duk wanda ya tare ni sai in shafa ta in girgiza kai, in ce, "Kash, ka makara, yau an riga ka." Kwanaki na samu ina tafiya a miƙe, jaka ba nauyi, zuciya fes. Na riƙa jin kaina wani gwani, har ina tunanin in ba abokina shawara a kan harkar rayuwa.

Rannan muka iso get ɗin ma'aikata tare da motar Hajiya. Ta sauke gilashi muka gaisa, ta ce tana da ɗan ƙunshi da za a kai wa ƙanwarta a Gwarimpa in an tashi. Na shafa jaka na ce, "Ranki ya daɗe, kin ga yau a cike take, ko numfashi ba ta yi." Ta ce ba komai, Allah ya kai mu gobe. Ashe ranar wani babba zai kawo ziyara, an ba masu gadi umarnin bincike. Wani ƙato a cikinsu ya tare ni.

"Oga, ka buɗe."

Na ce, "Haba, yau ka fara ganina?"

"Order ne daga sama, Oga. Ko Madam ma za ta buɗe but ɗin motarta."

Na buɗe. Ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro matashi mai furanni ja da kore, ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓarawo. Ya zagaya ɗaya gefen ya zaro na biyu. Sai zani ya biyo baya, yana ta fitowa ba ya ƙarewa. Ya ce, "Oga, barci kake zuwa yi a ofis?" Layin motoci gaba ɗaya ya fashe da dariya. Ni dai Hajiya nake kallo. Ba ta yi dariya ba. Ta dubi matasan, ta dube ni, ta ce a hankali, "Allah sarki. Ashe mun takura maka. Da ka faɗa mana, Malam." Ta ɗage gilashi.

Da zagina ta yi, da na samu sauƙi. Daga ranar na koma ni ke bin mutane ina roƙon saƙo don in wanke kaina. Ofis-ofis nake leƙawa ina cewa ko akwai mai aike. Hajiya ta yi ta ce min a'a, na gode, har ranar da na ji tana faɗa wa wata cewa za ta yi baƙi, kuma maigidanta ba ya cin tarwaɗa sai wadda aka kawo da rai. Na yi tsalle na shiga maganar. Ta ce in bari, na rantse sai na kawo.

Da safe na tsaya a Kado aka zaɓo min manya-manya, masu gashin baki kamar tsofaffin sojoji, aka zuba su cikin leda mai kauri da ruwa. Duka na sa su a jakar hagu, saboda kwamfuta da kaftani suna dama. Tun da na hau na ji keken na karkata, amma na ce a daure. An yi ruwa da asuba, kwalta na sheƙi. Ina shiga shataletalen da ke kafin Jabi, kifayen nan suka yi wani juyi gaba ɗaya kamar sun haɗa baki. Ruwan ya tunkuɗa gefe, tayar baya ta zame, na nemi birki na rasa. Ni da keke da mangala da tarwaɗa muka sauka a kan gwiwata ta hagu, daidai bakin kwalbati.

Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Mutanen da ke jiran mota suka rugo, rabi suka yi kaina, rabi suka bi kifi da ke ta wutsil-wutsil a kan titi. Ina kwance ina salati wani ya duƙo ya ce, "Sorry Oga. Amma kifin nan na sayarwa ne?"

A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙoƙon gwiwa ya tsage, jijiya kuma ta tsinke. Na yi watanni a kwance ƙafa a miƙe. Duk waɗanda na yi wa dako sun zo dubiya, ba wanda ya ƙi zuwa, kuma kusan kowa da ledar lemo a hannu. Hajiya ta zo ta zauna a bakin gado tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa ita ta jawo min. Na ce ƙaddara ce, ranki ya daɗe. Abin da ya fi ci min rai ke nan har yau: na duba gabas da yamma in samu wanda zan ji haushinsa, ban samu ba. Duk masoyana ne. Ba wanda ya tilasta ni. Wuri suka gani, suka sa kaya.

Da na fara takawa na jawo keken na hau a tsakar gida. Feda ta zo sama, gwiwa ta ce ita nan ta tsaya. Na sake gwadawa bayan wata guda, na sake bayan sallah, na je gashin ƙashi, na je wajen masu miƙa jijiya, duk dai amsar ɗaya ce. Tumbi ya dawo da 'yan rakiya. Ranar da na koma wajen likita ba ta yi dogon bayani ba, nas ta kira ta ce ta nuna min yadda ake yi da inda ake sokawa.

Abokina yana nan, yana hawan kekensa, lafiyarsa ƙalau. Sai daga baya na lura ya daina bi ta layinmu da safe, yana zagayawa ta bayan masallaci don kada in gan shi. Kuma tun daga ranar faɗuwar nan bai ƙara tsokanata ba. Bazazzagi ya ga Bakano ya ce masa "sannu da jiki" cikin ladabi, wannan ai ya fi zagi ciwo.

Don haka kai mai tambaya, ga amsarka. Zube abin da kake ɗauka zuwa aiki a kan tabarma, ka tafi da shi wajen mai jaka, ka zaɓi wadda in ka zuba za ta rufu da ɗan sauran wurin rigar ruwa. Ka hau ka juya feda ka tabbata diddigenka ba ya taɓa ta. In nauyi ne, raba shi dama da hagu. In kuma kai mai iya cewa a'a ne, sayi ko wacce ka ga dama, wannan labari ba naka ba ne. Amma in irina ne kai, mai kunyar ido, to bari jakar ta riƙa faɗin a'ar da bakinka ba zai iya ba.

Mutane kan ce min ai an saba da komai. Ni dai ban saba ba. Har yau ban iya kallon allurar nan ba, balle in soka wa kaina. Maiɗakina ce ke yi min, safe da yamma. Nakan ɗaga riga in juya fuska bango, in kama ba ta labarin ban dariya don kada ta ji muryata na rawa. Labaran duk ta haddace su, ta ma daina dariya tuntuni. Amma takan bari sai na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Maigida, sauke rigarka, ai an daɗe da gamawa."